Xavier Bichat, matashin likitan da ya nuna cewa jikin ɗan Adam saƙa ne

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar likita a ƙasar nan ya ci karo da sunayen nan na Faransanci irin su méningite, péritonite, bronchite da péricardite. Kowane ɗaya abu biyu yake faɗi: akwai kumburi, ga kuma takamaiman wurin da kumburin ya kama. Méningite, wato sanƙarau da muke fama da shi daga hunturu zuwa bazara, kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Péricardite kumburin jakar da zuciya ke ciki ne, ko da tsokar zuciyar kanta lafiya lau take. Wannan hanya ta neman cuta a cikin shimfiɗar da ta kama tana da tarihi, kuma wanda ya fi kowa aza harsashinta wani Bafaranshe ne da bai cika shekara 31 a duniya ba.

Sunansa Marie François Xavier Bichat, ana furta sunan Bisha. Akwai babban asibiti mai sunansa a arewacin birnin Paris. Yana cikin masana 72 da aka rubuta sunayensu a jikin hasumiyar Eiffel. Ɗalibin likitanci da ke karatu da Faransanci kuwa yakan haɗu da shi a darasin sassan jiki, domin da sunansa ake kiran dunƙulen kitsen nan da ke cikin kumatu, wanda ke sa fuskar jariri ta yi ɓul-ɓul.

Ɗan likitan ƙauye

An haifi Bichat ranar 14 ga Nuwamba 1771 a Thoirette, wani ƙauye da ke bakin kogin Ain a yankin tsaunukan Jura, gabashin Faransa. Mahaifinsa, Jean-Baptiste Bichat, likita ne da ya yi karatu a Montpellier, yana kuma aiki a garin Poncin, inda yaron ya tashi. Shi ne malaminsa na farko. A wancan zamani makarantar Montpellier ta yi suna da wata akida. Malamanta suna ganin abu mai rai yana da wani ƙarfi nasa na daban, wanda dokokin da ke tafiyar da dutse da ruwa da ƙarfe ba su isa su bayyana shi ba. Wannan akida ta bi ɗan har kabari.

Ya yi karatu a Nantua, daga nan ya wuce birnin Liyon. A 1791 ya soma koyon sassan jiki da aikin fiɗa a babban asibitin birnin, Hôtel-Dieu, a hannun Marc-Antoine Petit. Lokacin kuwa Faransa tana tafasa. Juyin juya hali ya soma tun 1789, a watan Janairu 1793 aka sare kan sarki Louis na 16. A wannan shekarar ce Liyon ta yi wa gwamnatin Paris tawaye. Sojoji suka kewaye birnin daga Agusta zuwa Oktoba, bayan ya faɗi aka kashe mutane kusan 2,000. Bichat ya yi aikin fiɗa a asibitocin soja, ciki har da na Bourg-en-Bresse, inda ya ga raunuka iri-iri tun yana ɗan shekara 22. A 1794 ya kama hanyar Paris.

Ya isa a lokacin da ake rushe tsohon tsarin koyar da likitanci. A da, likita da mai fiɗa sana'a biyu ce. Likita mai karatun Latin ne, yana duban marar lafiya ya rubuta magani, da wuya ya taɓa shi. Mai fiɗa kuwa ma'aikacin hannu ne, kuma sai a 1743 aka raba sana'arsa da ta wanzamai a hukumance. Gwamnatin juyin juya hali ta rufe tsofaffin makarantun, a watan Disamba 1794 ta buɗe sababbi guda 3 a Paris, Montpellier da Strasbourg, ta haɗe sana'o'in biyu. Aka ce ɗalibi ya koyi aiki a bakin gadon marar lafiya da kuma ɗakin gawa.

A gidan Desault

Babban mai fiɗa na Paris a lokacin shi ne Pierre-Joseph Desault, na asibitin Hôtel-Dieu da ke kusa da majami'ar Notre-Dame. Al'adarsa ce kowace rana wani ɗalibi ya tashi ya maimaita darasin jiya a gaban jama'a. Masu tarihin Bichat sun ruwaito cewa wata rana, bayan darasi a kan karayar ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, ɗalibin da aka ɗora wa aikin bai zo ba. Baƙon da ya zo daga Liyon ya tashi a madadinsa, ya kawo bayanin a tsare har ajin ya yi tsit. Da labari ya kai kunnen Desault, ya kira shi, ya ba shi ɗaki a gidansa, ya riƙe shi kamar ɗansa.

Zaman bai yi tsawo ba. Desault ya rasu ranar 1 ga Yuni 1795. Bichat ya ci gaba da zama a gidan tare da matar marigayin, ya kuma ɗauki nauyin abin da malaminsa ya bari. Ya kammala kundi na 4 na mujallar fiɗa da Desault ke fitarwa, ya tattara darussansa ya buga su littafi tsakanin 1798 da 1799. Sai da ya sauke wannan amana kafin ya juya ga nasa rubutun.

A 1796 shi da wasu matasan likitoci suka kafa wata ƙungiya, Société médicale d'émulation, inda suke karanta wa juna bincikensu. A 1797 ya buɗe aji nasa na kansa, yana koyar da sassan jiki da yadda suke aiki. Bai taɓa samun kujerar farfesa a makarantar gwamnati ba, amma ɗalibai suka yi ta cika ɗakinsa. A cikin waɗannan shekaru ne ya soma tarin jini. Ya kwanta na ɗan lokaci, da ya ji sauƙi ya koma bakin aiki kamar ba abin da ya faru.

Ina cuta take zaune?

Shekaru aru-aru likitocin Turai suna bin ra'ayin tsofaffin Girkawa cewa cuta rikicewar ruwayen jiki ce guda huɗu, shi ya sa maganinsu bai wuce zubar da jini da sa amai da gudawa ba. A 1761 wani dattijo ɗan Italiya, Giovanni Battista Morgagni na jami'ar Padua, ya buga babban littafi da ya tattara bayanin gawawwaki kimanin 700. Ya nuna cewa cuta tana da mazauni, a huhu take, ko a hanta, ko a ƙoda. Babban ci gaba ne, amma ya bar tambayoyi. Me ya sa cuta guda kan bayyana a wurare biyu masu nisa da juna, kamar gwiwa da jakar zuciya? Me ya sa kuma a sashe guda wani ɓangare kan ruɓe, wani yana nan garau?

A 1798 Philippe Pinel, likitan da ya yi suna wajen kula da masu taɓin hankali, ya lura cewa tantanai masu kama da juna sukan kumbura iri ɗaya, ko a ina suke a jiki. Bichat ya ɗauki wannan zare ya bi shi har ƙarshe. Sakamakon shi ne littafinsa na farko, Traité des membranes, wato bayani a kan tantanai, wanda ya fito a ƙarshen 1799 zuwa farkon 1800.

Ya kasa tantanai kashi uku. Na farko masu majina, su ne suka shimfiɗe cikin duk wata hanya da ke buɗewa waje: hanci, baki, maƙogwaro, hanyoyin iska, ciki, hanji, mafitsara. Na biyu masu santsi da ɗan ruwa-ruwa, waɗanda suka naɗe huhu da zuciya da kayan ciki. Waɗannan jakunkuna ne rufaffu masu ninki biyu. Idan mutum ya danna dunƙulen hannunsa a jikin salkar da ba ta cika ba, fatar za ta naɗe hannun sau biyu, amma hannun bai shiga cikin ruwan ba. Haka huhu yake zaune a jakarsa, ɗan ruwan da ke tsakanin ninkin biyu shi ke sa ya motsa ba tare da gogayya ba. Na uku masu tauri kamar igiya, irin wanda ya manne a jikin ƙashi, da farin ido, da kakkauran tantanin da ke ƙarƙashin ƙoƙon kai. A cikin littafin ya keɓe babi ga siririn tantanin tsakiya na ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikin ukun da suka lulluɓe ta. A ƙarƙashin wannan tantanin ne ruwan da likita ke zuƙowa daga ƙasan gadon baya yake gudana, in ana zargin sanƙarau.

Saƙa 21

A 1801 ya faɗaɗa tunanin zuwa jiki gaba ɗaya, a littafin Anatomie générale mai kundi 4. Kalmar da ya yi amfani da ita ita ce tissu, wadda duk mai zuwa wurin tela ya sani: yadi, abin da aka saƙa. Babbar riga tana da yadi, tana da shafi, tana da zaren ɗinki da na aiki. Yadin da aka yi rigar da shi ana iya samun sa a wando, kuma asun da ke cin wannan yadi zai ci shi duk inda ya same shi. Haka Bichat ya ga sassan jiki. Ciki, alal misali, tantani mai majina ne daga ciki, tsoka a tsakiya, tantani mai santsi daga waje. Irin wannan jeri ne a hanji. Kowace shimfiɗa tana da halinta da irin cutar da ke kama ta.

Ya kwatanta aikinsa da na masu ilimin sinadarai. Antoine Lavoisier, wanda aka sare wa kai a 1794, ya nuna cewa abubuwan duniya haɗi ne na wasu ƴan sinadarai na asali. Bichat ya nemi irin waɗannan asalai a jikin mutum, ya ƙirga 21. A cikinsu akwai ƙashi, ɓargo, guringuntsi, fata da ɓawonta na sama, gashi, jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya da masu mayar da shi, tantanin gaɓoɓi, tsoka iri biyu, da jijiyoyin saƙo iri biyu.

Kayan aikinsa wuƙa ce da tukunya da ido da hanci. Yakan yanki sashe ya jiƙa shi a ruwa na makwanni, ya dafa wani, ya shanya wani, ya bar wani ya ruɓe, ya zuba wa wani ruwan asid ko sinadari dangin kanwa. Abin da ya narke iri ɗaya, ya ƙanƙance iri ɗaya, ya ruɓe a lokaci ɗaya, sai ya ce saƙarsu ɗaya. Mai girki ta san wani abu daga wannan. In an daɗe ana dafa ƙafar sa, agara da fata sukan saki su ba da romo mai danƙo da ke daskarewa in ya huce, alhali jan nama rarrabewa yake yi zare-zare. Wanda ya feɗe ragon layya shi ma ya ga farin tantanin da ke ƙarƙashin fata, ya ga cikin tumbi da kaushi, bayansa da santsi. Abin da Bichat ya ƙara shi ne tsari da haƙuri, da haɗa abin da ya gani a gawa da abin da ya gani a marar lafiyar tun yana da rai.

A wajen 1800 aka naɗa shi likita a Hôtel-Dieu. An ruwaito cewa a cikin wata shida ya buɗe gawa sama da 600. Galibinsu talakawan Paris ne da suka mutu a asibitin, inda ƴan shekaru kafin nan ake kwantar da mutum uku ko huɗu a gado guda. Ba wanda ya nemi izininsu, ba a kuma rubuta sunayensu a jikin kowace hasumiya ba. Ilimin saƙar jiki da jikinsu aka gina shi.

Rai iri biyu

Tsakanin waɗannan littattafai biyu, a 1800, ya fitar da wanda ya fi shahara a wajen waɗanda ba likitoci ba, Recherches physiologiques sur la vie et la mort, bincike a kan rai da mutuwa. A ganinsa duk abin da ke kewaye da mai rai yana ƙoƙarin rushe shi ne, rayuwa kuwa ita ce turjiyar da jiki ke yi.

Ya ce rai iri biyu ne a jikin mutum. Akwai na hulɗa da waje, wato gani, ji, tunani, magana da motsin da mutum ya yi niyya. Cibiyarsa ƙwaƙwalwa, kayan aikinsa bibbiyu ne dama da hagu, kuma yana gajiya, shi ya sa muke barci. Akwai kuma na cikin gida, wato narkar da abinci, zagayawar jini, tace fitsari. Wannan ba ya neman izinin mai shi, ba ya hutu daga ciki har kabari. Saboda haka ne ya raba tsoka biyu, wadda ke bin umarni da wadda ba ta bi, ya raba jijiyoyin saƙo su ma biyu. Likitancin yau ya riƙe wannan rabo. Akwai rukunin jijiyoyi masu cin gashin kansu da ke tafiyar da bugun zuciya, hawan jini da motsin hanji ba da saninmu ba.

A kashi na biyu na littafin ya bi mutuwa taki-taki. Ya nuna cewa rai yana tsaye ne a kan zuciya, huhu da ƙwaƙwalwa, kamar tukunya a kan duwatsun murhu, in ɗaya ya goce sauran biyun ba su daɗewa. Ya yi gwaji a kan karnuka. Ya sa famfo a maƙogwaron kare, in ya rufe sai jinin da ke fita daga jijiya ya koma baƙi, in ya buɗe ya dawo ja. Ya tura baƙin jini zuwa ƙwaƙwalwar dabba ya ga aikinta ya tsaya. Yau mun san dalili: iskar oksijin ce ke sa jini ja, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashinta fiye da ƴan mintoci. Hukuma ta kuma ba shi izinin gwaji a kan gawar waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, ƙasa da awa guda bayan mutuwarsu, ya ga wasu tsokoki suna amsa wutar lantarki bayan mutum ya riga ya cika. Daga nan ya fahimci cewa saƙoƙin jiki ba sa mutuwa lokaci guda.

Abin da ya kuskure

Bichat ya yi kurakurai, wasu manya. Ya ɗauka fushi da tsoro da baƙin ciki a zuciya da kayan ciki suke zaune, yana kafa hujja da yadda mutane ke dafe ƙirji in abu ya taɓa su. Bahaushe ma yakan ce zuciyarsa ta ɓaci, ko hantarsa ta kaɗa. Binciken baya ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ce tushen, zuciya da ciki amsawa suke yi. A cikin saƙoƙinsa 21 ya sa wasu ƙananan hanyoyi da ya yi zaton su ke fitar da gumi da ruwan tantanai, alhali babu su. Akidar Montpellier da ya gada ta sa ya yi imani cewa lissafi da awo ba za su yi amfani a kan mai rai ba, abin da magadansa irin su François Magendie da Claude Bernard suka rushe da gwaji.

Babban abin da ya wuce shi, shi ne ƙwayar halitta. Madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, mikroskop, ya girme shi da fiye da shekara ɗari. Tun 1665 Robert Hooke na Ingila ya ga ƙananan ɗakuna a ɓawon itace ya ba su suna, a wajen 1674 Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya kwatanta jajayen ƙwayoyin jini. Bichat ya ƙi amfani da na'urar. Yana da hujja, domin gilasan zamaninsa suna kawo dishi-dishi da launukan ƙarya, kowa ya leƙa sai ya ga abin da yake son gani. Amma ƙin nan ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Shekara 28 bayan rasuwarsa, a 1830, Joseph Jackson Lister ya gyara haɗin gilasan. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka nuna cewa tsiro da dabba duka da ƙwayoyin halitta aka gina su. A 1858 Rudolf Virchow ya sauko da mazaunin cuta mataki na uku. Morgagni ya kai ta sashen jiki, Bichat ya kai ta saƙa, Virchow ya kai ta ƙwaya.

Yau an ƙiyasta cewa jikin baligi yana da ƙwayoyin halitta kimanin miliyar dubu 30, iri sama da 200. Kowace ɗaya tana da siririn bango mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita. Galibin ire-irensu suna da cibiya mai ɗauke da kundin gado a sanduna 46, da ƙananan sassa masu ƙona sukari su ba da ƙarfi. Saƙoƙin Bichat 21 an tattara su sun koma manyan gidaje 4. Akwai mai shimfiɗa, wadda ta rufe fata da cikin hanji da hanyoyin iska, ta cikin hanji ma takan sabunta kanta cikin ƴan kwanaki. Akwai mai haɗawa da tallafi, wato ƙashi, guringuntsi, agara, kitse, har da jini. Akwai tsoka, wadda aka kasa uku: ta jikin ƙashi, ta zuciya, da ta bangon hanji da jijiyoyin jini. Sai ta jijiyoyin saƙo, mai kai labari da ɗan tartsatsin lantarki.

Cututtuka biyu da muka sani sosai sun isa su nuna iyakar idon Bichat. A amosanin jini, wato sikila, jar ƙwayar jini ce ke lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyi, ta kuma mutu da wuri maimakon ta yi kwana 120 da lafiyayya ke yi. A zazzaɓin cizon sauro kuwa, cikin wannan ƙwayar ce ƙwaron cutar ke ɓuya, kuma da mikroskop Alphonse Laveran ya gan shi a 1880 a Constantine ta Aljeriya. Sanƙarau ma, Bichat ya san tantanin da yake kamawa, amma sai a 1887 Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar cutar a birnin Vienna.

Faɗuwa a matakala

A shekararsa ta ƙarshe yana aiki huɗu a lokaci guda. Yana rubuta Anatomie descriptive, yana koyar da darasi a kan yadda cuta ke sauya saƙar jiki, yana duba marasa lafiya, ya kuma soma gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya tare da ɗalibansa don a san ainihin aikin kowanne.

Ranar 8 ga Yuli 1802, bayan ya daɗe yana duba wasu yankunan fata da ya jiƙa a ɗaki mai ɗoyi, ya faɗi a matakalar Hôtel-Dieu. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi suka biyo baya. Jean-Nicolas Corvisart, likitan Napoleon, yana cikin waɗanda suka yi jinyarsa. Ya rasu ranar 22 ga Yuli, bayan kwana 14, yana da shekara 30. Likitoci da dama da suka yi nazarin jinyar daga baya suna ganin tarin fuka ne ya hau tantanin ƙwaƙwalwarsa, wato wani nau'in sanƙarau, a tantanin da shi kansa ya yi wa babi.

Ɗaruruwan ɗalibai suka raka gawarsa maƙabartar Sainte-Catherine. Corvisart ya rubuta wa Napoleon, wanda ya ba da umarni a kafa allon tunawa da Desault da Bichat tare a Hôtel-Dieu. Ɗalibansa biyu, Mathieu Buisson da Philibert Roux, suka kammala Anatomie descriptive, ta cika kundi 5 a 1803, kamar yadda shi ma ya yi wa malaminsa.

A watan Nuwamba 1845 aka mayar da ƙasusuwansa maƙabartar Père-Lachaise. Da aka buɗe kabarin ba a sami kai ba. Roux, wanda ya yi binciken gawar, shi ya ajiye ƙoƙon kan shekara 43, ranar kuwa ya kawo shi aka haɗa. An ruwaito cewa ɓangarorin ƙoƙon biyu ba su daidaita ba, alhali mai shi ya koyar da cewa kaifin hankali yana buƙatar dama da hagun ƙwaƙwalwa su zama daidai.

Cikin matasan da suka zauna a ajinsa akwai René Laennec, wanda a 1816 ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji da kowane likita ke ratayawa a wuya. Da shi likita ke jin kumburin jakar huhu a jikin mai rai. A 1819 wani Bajamushe, August Mayer, ya raɗa wa fannin suna histologie, ilimin saƙar jiki. Har yau, in likita ya ga ƙari a nono ko a mahaifa, yakan yanki ɗan ƙanƙanin yanki ya aika ɗakin bincike. A can za a yanka shi siriri, a rina shi, a sa a ƙarƙashin na'urar da Bichat ya ƙi. Tambaya ta farko da mai duban zai amsa ita ce daga wace saƙa ƙarin ya fito, daga mai shimfiɗa ko daga mai haɗawa, domin amsar ce ke nuna sunan cutar da maganin da za a ba marar lafiya.